Taura biyu ba ta taunuwa: har da riƙon ƙwarya?

Baban Hafsa: Jama'a, gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokin aikina a kan yadda Turawan mulkin mallaka suke haɗa wa jami'i ɗaya manyan muƙamai biyu idan ɗan'uwansa ya fita rangadi ko zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa ya ce maganar ba ta hau kan riƙon ƙwarya na 'yan makonni ba. Wane ne ya yi daidai?

Malam Na-Zaure: Abokinka ya fi ka gaskiya. Magabata sun yi maganar ne a kan mai kwaɗayi, alhali wanda aka ɗora wa aikin wani na ɗan lokaci bai roƙa ba, ƙarancin ma'aikata ne ya jawo. Wanda karin maganar ya dace da shi shi ne Lugga (Lugard), da aka ba shi gwamnan Arewa da na Kudancin Najeriya gaba ɗaya a 1912, kafin a haɗe su a 1914.

Jikar Inna: Allah ya gafarta Malam, talaka ne ya san nauyin 'yan makonnin nan. Kakata ta sha ba mu labarin mahaifinta da aka ƙwace masa gona, ya kai kuka wurin Di'o, Baturen da ke kula da yankinsu, aka kore shi. Ya ɗaura niyyar zuwa gaban Razdan, shugaban lardi da ke sama da Di'o, ya yi tafiyar kwanaki a ƙasa da guzurinsa, ya kwana a zauren wani masinja yana jiran a yi masa iso. Da aka shigar da shi, sai ya tarar da Baturen nan da ya kore shi zaune a kujerar Razdan, domin mai ita ya yi tafiya. Inna ta ce har ya rasu bai sake taka ofis ba.

Ɗan Mutan Gabas: To ai baƙon ya taune taurarsa biyu lafiya lau, haƙorin kakanku ne ya karye. Wasu 'yan siyasarmu ma yau gwamna ne kwamishinan kuɗi, shi ne na filaye, kuma babu wanda ya tafi rangadi.

Malam Na-Zaure: Wannan kuma wani karin maganar yake bukata, ba na taura ba.

Jikar Inna: A kawo shi, Malam, muna saurare.