Katirel ɗin mahaifina: wa ya taɓa ƙara mata tanki ko sauya salansa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Renault 4 ɗinsa ta faɗo a rabona. Katirel ce, kamar yadda muke kiranta, samfurin GTL mai inji cc 1108, fara, wadda dattawan unguwarmu suka saba gani a ƙofar gida. Ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa, bana na tashe ta, har na je Mirriya da ita na dawo lafiya. Burina in kai ta Agadas, hanyar da yake bi da mu muna yara idan za a je gaida kakarmu. Tankinta lita 34 ne, tafiyar kuwa daga nan Damagaram ta kai kilomita 450. Salansar ma ta huje, ƙararta tana tashin maƙwabta da asuba. Makanikina ya ce a yanke tankin a ƙara masa ciki, a kuma sa bututu mai kauri na wata babbar mota. Hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ko da kuɗinsa, don Allah ya ba ni labari.

Baban Hadiza:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ɗana. Tawa ta girmi taka, mai inji cc 845 ce, tankinta lita 26 kacal, kuma da ita na riƙa zuwa Gure har Maine lokacin ina aikin gwamnati. Na taɓa sa wani ƙaramin tanki a but, aka ja masa tiyo. Wata biyu na cire shi. Katirel ba ta da bango tsakanin but da wurin zama, duk abin da ke baya hancinka zai sha. Da rana ta take, warin isansi ya cika motar, uwargida ta sauka da ciwon kai kullum. Na koma jarkar ƙarfe ta lita 20, guda ɗaya, a ɗaure a kan rufi da igiya mai kyau. Kada ka sa ta roba irin ta man gyaɗa, zafin watan Afrilu yana kumbura ta har ta riƙa tsatsafa ta murfi.

Mai walda, Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara ya shafi sana'ata, kuma da tabo a hannuna nake faɗa. Ina yaron shago aka kawo wani tanki, mai shi ya rantse ya yi mako a bushe. Na sunsuna bakin, warin kaɗan ne. Da na kusantar da wuta, sai na ji wani "fuum", tankin ya kumbura kamar tulu, murfin ya tashi ya bugi kwanon rumfa, gashin hannuna ya ƙone har gwiwa. Ba man ne ke fashewa ba, tururinsa ne da ya maƙale a cikin tsatsa da lunguna. Tankin da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari. Tun ranar, duk tankin da zan taɓa sai na wanke shi da ruwan zafi da omo sau da yawa, na cika shi da ruwa har kusa da inda zan yi aiki, bakinsa a buɗe.

Amma ko an yi lafiya, tsohon tanki ba ya son ƙari. Ƙarfensa ya yi siriri, kana like nan yana hujewa can. Idan dole ne, a ƙera sabo da sabon faranti. Kuma ka tsaya a kan abu uku. A sa masa shinge a ciki mai ramuka, don kada man ya riƙa tambal-tambal daga gefe zuwa gefe a kan kwana. A bar masa hanyar shan iska da ke fita waje, in ba haka ba famfo zai ja har tankin ya lotsa, motar ta mutu a daji ka rasa dalili. Sannan abin da ke yawo a kan mai yana nuna maka awo, an yi shi ne daidai da zurfin tankin asali. In zurfi ya canza, allurar za ta riƙa yi maka ƙarya sai an gyara hannun wannan abin da ke yawo a kan man.

Direban Tanut:
Hanyar nan ita ce gonata. A kwalta mai kyau Katirel tana shan wajen lita 6 a kilomita 100, lissafi ya nuna lita 34 za su kai ka. To amma ba da biro ake tafiya Agadas ba. Daga Damagaram ka wuce matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, ka isa Tanut, kusan kilomita 150 ke nan, babu damuwa. A Tanut ka sake cikawa. Daga nan zuwa Aderbissinat duk inda yashi ya hau hanya sai giya ta biyu, iska kuma tana dukan ka ta gaba, sai ka ga allura tana sauka kamar ana zuƙa.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba. Abokina ya ƙara wa tasa tanki, duk shingen jami'an tsaro da ya zo sai an leƙa ƙarƙashin motar an yi masa tambayoyi, domin irin wannan ƙarin masu safarar ruwa-ruwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri, aka sani da shi. Ba laifin masu tambayar ba ne, aikinsu suke yi, amma tafiyar wuni ɗaya ta zama ta wuni da rabi. Kuma in ka sayi mai na kwalba a hanya, tace shi da ƙyalle. Na taɓa kwance kafireta a gindin aduwa da tsakar rana saboda yashin da ke cikin kwalba ɗaya. Ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, kada ka yi dare, kada ka tafi kai kaɗai.

Abban Sadiƙu:
Ni ta salansa zan yi. Na biye wa masu cewa bututu mai faɗi yana ƙara ƙarfi, aka sa mini na wata fikap. Ƙara dai ta ƙaru, amma a tashi daga tsaye motar ta yi sanyi, hawan tudu da kaya sai na danna totur har ƙasa, mai kuma ya riƙa tafiya. Injin da ƙarfinsa na doki 34 ne kacal bai da hayaƙin da zai cika wannan bututun, sai hayaƙin ya rasa gudun fita. Na mayar da bututu mai faɗi irin na asali, motar ta dawo hayyacinta a ranar.

Maman Nafisa, Garin Malam:
Ɗana, ka ji maganar uwa. Katirel ɗin maigidana, Allah ya jiƙansa, bututunta ya tsage a ƙarƙashin kujera ba mu sani ba, ƙasan motar kuma duk ƙananan huji. Muna dawowa daga Magarya ƴata ta kwanta a baya, na ɗauka barcin mota ne. Da muka tsaya salla na tashe ta, ta kasa tsayuwa, sai amai. A asibiti aka ce hayaƙin ne, irin wanda ba ya wari ba ya launi. Allah ya kiyaye, ta warke. Kafin ka yi zancen lita, ka toshe kowane huji, ka sauya robar ƙofar baya.

Injiniya na Karkada:
Ban yarda a ce ƙarin tanki ba ya yiwuwa ba, domin tawa lita 50 take ɗauka shekara huɗu ke nan, ko ɗigo. Sirrin shi ne ayyukan biyu aiki ɗaya ne, wuri ɗaya suke rabawa a ƙarƙashin mota. Wanda ya ƙera tanki tukuna, sannan ya zo neman inda bututu zai bi, ƙarshenta sai ya manna shi a jikin tanki. Ni salansa na fara yi, na fitar da bakinta a gefe, gaban tayar baya ta hagu, yadda take a irin ta Baban Hadiza. Sai na ba tanki wurin sifiya, sifiyar ta koma sama. Na sa farantin kariya a ƙarƙashi, kamar yadda ɗaliban Faransa masu tseren Katirel da ake kira 4L Trophy zuwa Maroko suke sa wa nasu. Abin da na biya a kai: lita 16 na ƙari sun kai kilo 12, ga nauyin ƙarfe, duk a bayan taya. In na ɗauki mutum uku a baya, gindinta yana sauka, sai na lallaɓa a kan kowane tudu.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Jiya muka hau da ita rami ni da makanikin, na shiga da cocila da kaina. Ashe wani ya taɓa jan bututun har baya, ya wuce tanki da tazarar yatsu biyu, fentin wurin duk ya ƙone ya yi baƙi. Na daɗe ina kallon wurin ina tuna sau nawa muka zauna a kansa. A ƙarƙashin kujerar baya kuma na ƙirga huji biyar, Mama, har hasken rana nake gani ta cikinsu. Mun yanke shawara: bututu irin na asali ya fita ta gefe, sababbin robobin rataye, a like ƙasan motar, tanki a sauke a wanke kawai, a sa sabuwar matatar mai. Jarkar ƙarfe na samu a Kasuwar Dole ranar Alhamis. Bayan salla zan gwada ta zuwa Tanut, in auna abin da ta sha da kaya a sama. Yaya Injiniya, in lissafin bai fita ba zan zo Karkada in ga taka da idona.