Neman kalma: me za mu kira "partaje" da "sinyatir nimerik" a aikin injiniya?

1/ Ƴan'uwa masu zane da masu gini na Tawa da Yamai, ku matso mu yanke wata magana. Kullum a shantiye sai ka ji an ce wa magini "na yi maka partaje" ko "patoro ya yi sinye a kwamfuta". Ya gyaɗa kai, alhali bai san abin da aka ɗora masa ba. Kalmomi biyu nake so mu tsayar da Hausarsu: partaje, wato ajiye takarda a intanet inda abokan aiki za su same ta, da sinyatir nimerik, wato sa hannu a kwamfuta.

2/ Ta farko ba ta da wuya. "Raba takardu" ba ta yi ba, don abin da aka raba ya rabu, kowa ya kama gabansa da rabonsa. Aikin Google Drive ko Dropbox kuwa akasin haka ne: takarda ɗaya, a wuri ɗaya, kowa ya zo ya tarar da ita. Ni na ce rumbun tarayya. "Na zuba zanen a rumbu." "Na buɗe maka rumbu, amma izinin dubawa kawai, ban da gyara." Baki bai yi tuntuɓe ba.

3/ Kada a ce wasan kalmomi ne. Tsakanin Yamai da Tawa kusan kilomita 550, ta Dosso da Dogonduci da Ƙonni. Biro yana Yamai, gini yana Tawa. Injiniya ya sake lissafi, ya mai da ƙarfen ginshiƙi daga mai kaurin milimita 12 zuwa mai 14, zane ya tashi daga kwafin B ya koma sabon kwafin C. Mai ɗaurin ƙarfe kuwa yana nan riƙe da B da aka turo masa ta WhatsApp, har ya buga shi ya liƙa a bango. Ranar da aka zuba kankare, magana ta ƙare, sai dai guduma. Wanda ya saba cewa "bari in duba rumbu" ba ya faɗawa wannan ramin.

4/ Ta biyu ita ce mai ƙashi, don abubuwa biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai hoton sa hannunka da ka ɗauka ka manna a PDF. Wannan duk mai waya zai iya yanke shi ya manna a wata takardar da ba ka taɓa gani ba. Sunansa hoton sa hannu, kada a ƙara masa girma.

5/ Sai na gaskiyar. Manhaja tana bi ta kan takardar baki ɗaya ta fitar da wata gajeriyar lamba wadda ta dace da ita kaɗai. Sai a ɗaure lambar da mabuɗinka na sirri, wato wata doguwar lamba ta kwamfuta wadda ke hannunka kai ɗaya. Mai karɓa yana tantancewa da mabuɗinka na fili, wato abokin na sirrin wanda kowa zai iya gani, tare da shaidar wata hukumar da ta tabbatar kai ne. In wani ya taɓa ko da adadi ɗaya, ya mai da 14 ta koma 12, lambar ba za ta sake dacewa ba, manhajar buɗe PDF irin Adobe Acrobat za ta nuna an taɓa takardar bayan sa hannu. Abin ba na jiya ba ne, tun 1977 aka fito da tsarin lissafin mabuɗan nan biyu mai suna RSA da ya sa hakan ya yiwu.

6/ Wasu sun kawo "sa hannun zamani". Zamani yana wucewa, kuma sunan bai faɗi aikin ba. "Sa hannu ta intanet" ma ya kauce, don kana iya yi ba layi. "Tampo" kuwa, kowa ya san ana sassaƙa shi a kasuwa.

7/ Zaɓina: hatimin kulle. Hatimi muna da shi tun zamanin wasiƙun sarakuna da alƙalai, shi ke cewa daga wa takarda ta fito. Kulle kuma shi ke cewa ba a ƙara ba, ba a rage ba. Aikin biyu ke nan, duk sun shiga. Wani dattijo malamin Hausa ya ce mini, "Ɗana, hatimi ai har na allon malamai akwai, kada a rikice." Na ce, "Gaskiyarka Baba, shi ya sa kulle ke biye da shi." Ya yarda.

8/ Doka ma ta bambanta su. Tsarin Tarayyar Turai na 2014 ya kasa sa hannun lantarki mataki uku, na sama ne kawai ya ba matsayin sa hannun alƙalami kai tsaye. Nijar ma ta yi dokarta kan mu'amalar lantarki a 2019. Don haka "sa hannun lantarki" ya zama sunan gidan duka, hatimin kulle ya zama na mai mabuɗi.

9/ Roƙona ga shugabannin biro: mabuɗin sirri ba a ba sakatare ajiya. Duk zanen da ya fita da hatiminka, in gini ya tsage, kai za a nema.

10/ Saura "andis", wato A, B, C ɗin zane. Ina tunanin zubi: zubi na A, zubi na B. Amma magina suna cewa zubi ga kankare, ina tsoron su haɗu a shantiye. Masu Adaranci da na Arewa, me kuke da shi?