Baɗi Inna za ta ajiye aikin jinya, ina mafita kan inshora da fansho?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan yayar mahaifiyata. Nas ce a wani asibitin gwamnatin tarayya, baɗi take cika shekara 35 a bakin aiki. Yawancin shekarun nan a ɗakin da ake kwantar da manya ta yi su, masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon suga da waɗanda tsufa ya kayar. Ita kanta yanzu tana da hawan jini, maigidanta kuma suga. Da katin inshorar lafiya kashi 10 cikin ɗari kawai suke biya na kuɗin magani, sai aka ce mata ranar da ta yi ritaya katin ya mutu. Haka ne?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Haka abin yake, Hajiya. Tsarin ma'aikata daga albashi ake biyansa, yana ɗaukar ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Da suna ya fita daga takardar albashi, shi ke nan. Amma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana da wani tsari mai suna GIFSHIP, mutum ya biya da kansa duk shekara, kuma 'yan fansho na shiga. Ta je ofishinsu na jiha tun yanzu, don bayan rajista akwai ɗan jira kafin kati ya fara aiki.

Abban Sadik: Ta leƙa hukumar inshorar lafiya ta jiha ma: in a Kano take KSCHMA, in Kaduna ce KADCHMA. Ta kwatanta. Kafin ta ba da ko sisi ta tafi da kwalayen magungunan da suke sha, ta ce a nuna mata ko suna cikin jerin da ake bayarwa, musamman insulin in maigidan yana allura. Ta kuma tambaya ko asibitin da fayil ɗinsu yake yana karɓar tsarin.

Hajiya Metiron: Ɗiyata, ki gaishe min da ita, ki ce abokiyar aikinta ce da ta riga ta fita. Maganar kati sun gama miki. Ni bayanta nake ji. Duk wadda ta yi jinyar tsofaffi ta san aikin: kowane awa biyu a juya marar lafiya don kada gyambon kwanciya ya kama shi, a duba ƙugu da duga-dugai da ƙasan baya, a ja zanin gado ya miƙe don ko ƙaramin lanƙwasa yana cin fata. Mai shanyewar jiki sai an tada shi zaune sosai kafin a ba shi kunu, cokali ɗaya, a jira ya haɗiye, a duba kumatu ko ya ɓoye saura. Yawanci mu biyu ne a kan ɗaki guda da dare, muna ɗaga mutumin da ya fi mu nauyi. Wannan aikin a ƙashin baya da gwiwa yake taruwa, sai an zauna a gida yake fitowa. Don Allah tun katinta na aiki ta yi hoton baya, ta auna ƙoda da ido da zuciya, shi ma maigidan a duba masa ido da ƙafa.

Maman Hanifa: Wallahi Mama kamar kina gidan. A kan kujera take sallah yanzu.

Malam Sani: Allah ya ba ta lafiya. Sai batun fansho. Ta je wurin kamfanin da ke riƙe da asusunta ta karɓi cikakken bayanin kuɗin da suka shiga. Dokar fansho ta 2014 ta ce wurin aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, a duba ko akwai watannin da aka tsallake. Sunanta da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da takardar ɗaukar aiki da asusun fansho. Harafi ɗaya yana tsayar da biya. Kada kuma tantancewar masu shirin ritaya da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke yi ta wuce ta.

Ummu Aisha: Za a ba ta zaɓi biyu bayan kuɗin dunƙule, wato kason da ake cire mata lokaci guda in ta yi ritaya. Ko ta bar sauran a kamfanin fansho ana ba ta duk wata, in ta rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ta miƙa wa kamfanin inshora ya biya ta har ƙarshen rai, amma magada ba sa samu sai in rasuwar ta zo cikin shekara 10 na farko. Wanda ya shiga na biyun ba ya dawowa na farko. In tana gudun kuɗin ruwa, ta nemi a mai da ita Fund VI, asusun fansho marar ruwa da aka buɗe a 2021.

Abban Sadik: Ni da a ce uwata ce, cewa zan yi ta buɗe kyamis da kuɗin dunƙulen.

Hajiya Metiron: A'a Abban Sadik, ban goyi baya ba. Unguwa ta san ta da taimako, bashi zai cinye jarin. Ta dai ci gaba da sabunta lasisinta na majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. A ƙasar nan sai 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko, a asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan, mu kuwa tsofaffinmu a gida suke, hannun 'ya'ya mata da surukai da ba wanda ya koya musu komai. Ta riƙa zuwa gidaje tana koyarwa, tana wanke ciwo, tana auna jini da suga, ta yanka kuɗinta a fili tun farko. Ɗagawa kuwa ta bar wa matasa.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura mata duka. Mama, ta ce ko za ki yarda ta kira ki bayan isha'i?

Hajiya Metiron: Ta kira. Ta ajiye takardar ɗaukar aikinta da ta ƙarin girma na ƙarshe kusa da ita, mu bi su tare.