Neman shawara: 'yar ƙanena na tseren zamiya kan ƙanƙara a Italiya, tutar wa za ta ɗauka?

Goggon Yara, Malali:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana zaune a Turin, matarsa 'yar Italiya ce. 'Yarsu za ta cika shekara 16 baɗi, tun tana ƙarama take tseren zamiya daga kan dutse, irin wanda ake kewaya sanduna. Kocinta ya ce lokacin yankar lasisin manya ya zo. Uban na so ta wakilci Najeriya, uwar na cewa Italiya. An sa ni a tsakiya, ni kuwa ko ƙanƙarar firij ba na sha. Masu sani, wanne ya fi, kuma me za mu shirya?

Koci, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku yanke maganar tuta kafin a yanki lasisin farko, nan ne gaɓar. Hukumar duniya, FIS, ba ta ba mutum lasisi kai tsaye, sai ta hannun hukumar ƙasarsa. Idan ta fara da Italiya daga baya ta so sauyawa, sai hukumar Italiya ta sake ta, FIS ta amince, in kuma aka ƙi sakinta tana iya zaman shekara guda ba tsere.

A Italiya akwai koci, likita, masu gyaran kaya, kuma manyan 'yan wasansu albashi suke ci daga ƙungiyoyin wasanni na soja da 'yan sanda. Federica Brignone, wadda ta ɗauki kofin duniya na gaba ɗaya a 2020 da 2025, 'yar ƙungiyar Carabinieri ce, wato 'yan sandan soja na Italiya. Sai dai layin yana da tsawo. A Olimfik mutum 4 kacal ƙasa ke sakawa a kowane tsere, yarinya na iya zama ta 10 a Italiya ta tsufa ba ta leƙa ba.

Da tutar Najeriya ƙofar Olimfik a buɗe take, don kowace ƙasa na da gurbin mace ɗaya da namiji ɗaya muddin sun cika maki. Ta haka Sabrina Simader ta Kenya, wadda ta tashi a Ostiriya, da Mialitiana Clerc ta Madagaska, wadda ta tashi a Faransa, suka je gasar 2018. Amma kuɗin koci, otal, tikitin hawa dutse, mota, inshora, ku ɗauka duk daga aljihun uba za su fito. Lara Colturi 'yar Italiya ce ta koma Albaniya a 2022 kuma ta yi nasara, to amma uwarta, Daniela Ceccarelli, mai zinaren Olimfik ce ta 2002, ita ke horar da ita. Wannan ba kowane gida ba.

Ra'ayina: in tana cikin na gaba-gaba a sa'o'inta a faɗin Italiya, ku bar ta can. In a tsakiya take, Najeriya ta fi mata.

Malam Mai Lissafi, Barnawa:
Ranki ya daɗe, bari in warware maki, don iyaye da yawa a nan suke ruɗewa. Maki iri biyu ne. Na Kofin Duniya yawansu ake so: ta ɗaya 100, ta biyu 80, ta uku 60, har ta 30 mai maki 1. Wannan bai shafe ku ba tukuna. Naku su ne makin FIS, su kuma ƙarancinsu ake so, gwanayen duniya suna kusa da sifiri.

Ga yadda ake fitar da su a silalom, wato tseren kewaya sandunan da take yi. A ce wadda ta ci ta yi daƙiƙa 100, taku ta yi 105. Ratar kashi 5 cikin 100 ce, a ninka da 730, lambar da aka ware wa silalom, ya ba da 36.5. Sai a ɗora ƙarin da ake lissafawa daga ƙarfin waɗanda suka shiga tseren, a ce 30. Ta tashi da 66.5 ke nan. A babban silalom, mai sanduna nesa da juna, lambar 1010 ce. Sakamako biyu mafi kyau ake haɗawa a raba biyu, shi ne matsayinta.

Abin da ke wahalar da sabuwar shiga shi ne lambar tashi. Marar maki a ƙarshe take sauka, bayan mutum 70 ko 80 sun kwarzane hanya ta zama ramuka kamar titin unguwa bayan damina. Shi ya sa shekarar farko ake neman ƙananan tsere masu mutane kaɗan amma da 'yan gwanaye a ciki, ƙarin ya yi ƙasa, hanya kuma ba ta lalace ba. A Olimfik ta 2022 iyakar gurbin nan na mace ɗaya da namiji ɗaya maki 160 ce, daga matsakaicin tsere 5. Kowace gasa ana sake adadin, ku duba takardar da ke aiki. Kuma duk wanda ya ce ku biya a shirya mata tsere na musamman don maki su sauko, ku guje shi, FIS na bincike kuma ta taɓa soke sakamakon irin waɗannan.

Anti Fisiyo, Kawo:
Goggo, kowa na maganar tuta, ni gwiwa ce damuwata. Raunin da ya fi cinye 'yan matan nan shi ne tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, ACL. Yadda yake faruwa: allon zamiyar da ke ɗaure a ƙafar waje ya sulɓe, nauyinta ya koma baya, sai bakin allon ya sake cafke ƙanƙara farat ɗaya, gwiwa ta murɗe ciki tun ba ta kai ƙasa ba. Tiyata da jinya wata 9 ne zuwa shekara, kaka guda ta tafi. Colturi ɗin da Koci ya ambata ta tsinka tata a 2023, Lara Gut ta Suwizalan ma a 2017.

Maganin tun rani ake yin sa. Ɗaga nauyi sau 3 a mako, a ba naman bayan cinya haƙƙinsa, don shi ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Yawancinsu gaban cinya ke ƙarfi, bayan ya zama rago. A koya mata dira da ƙafa ɗaya gwiwa ba ta karkata ciki ba. In ta zo hutu Kaduna ba a rasa komai ba, matakalar filin wasa na Ahmadu Bello da keke sun isa, da sassafe kafin rana ta buɗe. Ku kuma lura da al'adarta. In ta ɗauke wata 3, ba alamar ƙwazo ba ce, yawanci abinci ne bai kai aikin da take yi ba, ƙashi kuma zai yi rauni. A kai ta likita, a auna jininta.

Goggon Yara:
Allah ya saka. To kaya fa? Da sutura, don kakarta a nan za ta tambaya.

Koci:
Allon silalom na mata ba ya gaza santimita 155. Na babban silalom a matakin ƙoli 188 ne, da lanƙwasar mita 30. Kowane iri ƙafa biyu take buƙata, na atisaye da na tsere. Bakin ƙarfen da ke gefen allon ana wasa shi kullum, gefe kusan digiri 87. In ya dakushe, a kan daskararriyar hanya zamewa kawai za ta yi. Kakin da ake shafa wa ƙasan allo kada ya zama mai fulorin, an haramta shi tun kakar 2023, har an kori Ragnhild Mowinckel ta Norway daga tseren Solden a Ostiriya saboda shi. Tsohon buroshi ma na iya ɗauke da ragowarsa, ku sayi sabo. Takalmi kuwa a kai wa mai gyara ya daidaita shi da ƙafarta, kada a saya da girma wai za ta cika shi.

Kada ku yi gaggawar tseren gangara, inda ake wuce kilomita 100 a awa. Mikaela Shiffrin ta Amurka, da ta kai nasara 100 ta Kofin Duniya a Sestriere, kusa da Turin, a 2025, da silalom ta gina kanta, kuma tana ƙarama atisaye ta fi yi a kan yawon tsere.

Sutura: rigar tseren matsattsiya ce amma ta rufe jiki ruf, ƙaramin hijabi na shiga ƙarƙashin hular kwano, kafin tashi da bayan sauka kuma ana ɗora babbar riga da wando. A haka Marjan Kalhor ta Iran ta yi Olimfik ta 2010. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin kakar tsere, wannan ku kai wa malami ya yi muku bayanin hukuncin matafiyi.

Malam Mai Lissafi:
In kun tsaya kan Najeriya, fasfo ne farko: lambar NIN, sannan ofishin jakadancinmu na Rum. Daga nan uban ya rubuta wa Kwamitin Olimfik na Najeriya ya nemi hukumar da ta yi wa Samuel Ikpefan rajista, wanda ya wakilce mu a Beijing a 2022. Ya tambaye su a rubuce wa zai riƙa tura sunanta kowane tsere, don hukuma ce ke turawa ba uba ba, kuma in wa'adi ya wuce ko tana bakin dutsen ba za a ba ta lamba ba. Shekarar lasisi 1 ga Yuli take farawa, ku gama takardu kafin nan.