Taimakon asibitocin Sudan da Gaza: yaya kuka tara a garinku?

Sakataren matasa, wajen Taura: Salamu alaikum. Liman ya ɗora mana nauyin tara gudummawa wa masu jinyar waɗanda yaƙi ya rutsa da su a Sudan, bayan Juma'a mai zuwa. Ba mu taɓa yi ba. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irin wannan amana ya faɗa mana yadda ta kaya.

Dillalin hatsi, Gujungu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu mun yi na Gaza a kakar 2023. Kada ka sa ran kuɗi a hannun mutumin ƙauye, abin da ke rumbu zai ba ka. Tabarma muka shimfiɗa a ƙofar masallaci, mai tiya ɗaya ta gero, mai mudu biyu na riɗi. Wata tsohuwa ta aiko jikanta da ƙwai shida a ƙoƙo, an rufe da faifai, sai da muka yi gwanjonsu a wurin, wani ya saya ninki uku ya sake mayar mata. Ranar Lahadi muka kai hatsin kasuwa muka sayar. Inda muka yi kuskure shi ne ajiya. Muna ta gardamar hannun wa za a ba, har Fabrairun 2024, dala ta haura naira 1,500 a bayan fage. Kuɗin na nan cif a jaka, amma darajarsa ta zube. Ku san inda za ku tura kafin ku shimfiɗa tabarma.

Ma'aikaciyar jinya, Jahun: Malam ya faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, ku daina tunanin tara tufafi ko magani a kwali. Wa zai kai? Manyan motoci ma sun sha yin makonni a layi a bakin Rafah, mashigar Gaza daga Masar. Kuɗi ake so, su likitocin su sayi abin da babu ranar: zaren ɗinki, ruwan ƙari, man janareta don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar tiyata. Kuma masu wannan aiki ba baƙi ba ne a wurinmu. Likitocin MSF, ƙungiyar agaji ta likitocin ƙasa da ƙasa, suna Jahun tun 2008, suna karɓar haihuwa mai gardama da gyaran yoyon fitsari kyauta, kuma ƙungiyar ce ke da ma'aikata a yankin Darfur na Sudan da Gaza. Ƙanwar mahaifiyata a nan aka ɗinke ta bayan shekaru tana ɓoye tabarmar kwananta. Aikin ba wasa ba ne. Ku tuna ungozomomin Red Cross biyu da aka sace a Rann ta jihar Borno aka kashe a 2018, 'ya'yanmu ne na Arewa.

Mai shagon caji, Kiyawa: Anti, ni kam na ƙone. Bidiyon wani yaro aka turo mana a WhatsApp, an ce Gaza ne, ƙafa a naɗe, da lambar asusu a ƙasa. Muka haɗa na adashinmu na sati biyu, na tura da hannuna a wajen mai POS. Sai da takardar ta fito na ga sunan mutum ɗaya ne, ba ƙungiya ba. Bayan wata guda ga bidiyon nan ya dawo, an ce Sudan ne, da wata lambar. Har yau abokaina na kirana "Wakilin Falasɗinu".

Baba, tsohon malamin firamare, Ringim: Yara, ku shirya wa tambayar da za a yi muku a zauren mai gari: namu na Borno da Zamfara fa? Mu an yi mana ita, kuma mai tambayar bai yi ƙarya ba. Sai wani dattijo ya tashi ya ce ai Sudan ma gida ce, kakansa ya tafi Makka a ƙasa ya yada zango a Maiurno, har yau zuriyarsa na can suna Hausa. Daga ƙarshe biyu aka raba kuɗin, aka karanta lissafin a lasifika bayan sallah, har na motar da ta kai buhuna kasuwa.

Sakataren matasa: Allah ya saka da alheri, Baba. Na rubuta. Anti, in na shigo Jahun ranar Talata zan same ki a bakin aiki, ko sai da yamma?