Tambaya: haɗa gas da kashin shanu da kara, shin baya kashe gona?

Dan_Kadawa:
Salamu alaikum yan uwa. Ina da shanu 6 a turke da ɗan filin shinkafa a wajen Kura, wani yaro da ya dawo daga makaranta ya dame ni wai in gina ramin bayogas mu dena siyan itace da gawayi, wai kashin shanun nan da tattakar shinkafa da karan dawa duk zasu zama gas ɗin girki. Toh yayana yace kar in kuskura, wai idan aka tatse gas daga kashi takin ya mutu kenan, gona zata rama. Kuma naji ana cewa iskar ma tana ƙara zafin duniya, to ina amfanin? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Injiniya_Bash:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar yaya da ɗan gyara. Abinda ke fita a gas ɗin shine miten, iskar da ke kama wuta, kamar kashi 50 zuwa 70 cikin 100, sauran galibi kabon dayoksaid, amma naitirojin da fosfaras da fotash da shuka ke ci duk suna nan cikin ruwan kashin da ke fitowa ta ɗaya bakin, naitirojin ɗin ma ya fi saurin kamuwa ga shuka fiye da na ɗanyen kashi. Inda ake asara shine a barshi a buɗe rana na dukansa, sai ya tashi sama a matsayin amoniya kamar yadda yuriya ke yi in ka watsa baka rufe ba. A yi masa inuwa ko a cakuɗa da busasshiyar ciyawa a rufe.

Zancen zafin duniya kuma gaskiya ne, miten ta ninka kabon dayoksaid wajen riƙe zafi kusan sau 28 in aka auna a shekara 100, amma in ka ƙona ta a murhu ta koma kabon dayoksaid da ruwa shikenan. Matsalar yoyo ce. Bututu ya tsage ko bawul ya saki ko tanki ya cika ba'a girki gas na fita ta gefe, to nan kam riba ta fara zubewa. Kumfar sabulu zaka shafa a mahaɗar bututu, in tana ɓulɓulowa akwai yoyo.

Maman_Khalifa:
Ni dai ta ɓangaren masu girki zan yi magana, maza baku san wahalar ɗanyen itace da damina ba wlh, ido ja hawaye tari, ga yaro goye a baya yana shaƙa. Ƙanwata tana amfani dashi wutar shuɗiya ce tas, gindin tukunya ko baƙi babu. Sai dai kafin ka kunna akwai ɗan wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da hunturu wutar na raguwa sosai sai ta koma kan gawayi da safe.

Manomi_Sule:
Dan_Kadawa kashi na yarda amma karan dawa a'a, kar ka bari yaron nan ya kwashe maka gona. Mu nan kara ba shara bane, dabba zata ci da rani, ayi danga dashi, wanda ya rage a gona shi ke tare ƙasa in iskar bazara ta taso, ka taɓa ganin gonar da aka share ƙal a watan Mayu? Iska ke ɗauke saman ƙasar da ke da albarkar ta bar maka rairayi. Harawa kuwa ai kuɗi ce ba'a ma maganarta. Tattakar shinkafa da ake cinnawa wuta bayan girbi hayaƙi ya rufe titi, ita ce dai zan ce gara a jefa a rami da a ƙona.

Injiniya_Bash:
Haka ne Baba Sule, kuma kara da tattaka basa narkewa da sauri, sai an daddatsa an jiƙa, in ba haka ba su taso sama su yi ɓawo su toshe tankin. Buntu kam kar ma a fara. Hajiya warin nan haidurojin salfaid ne, yana cin ƙarfe shiyasa ake sa matata mai tsatsar ƙarfe a hanyar bututu, sanyin kuma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin su fitar da gas sun fi son zafi wajen digiri 35.

Abu ɗaya da na manta, ruwa. Duk bokitin kashi sai bokitin ruwa, kullum, a Kura da kanal ba damuwa amma mai jan guga a rijiya gaba 30 ya yi lissafi tukuna. Kuma a nesanta ramin da rijiyar sha, kar tsululun ya riƙa gangarawa rafi.

Dan_Kadawa:
Madalla nagode ƙwarai, Allah ya saka. Kara zai zauna a gona in sha Allah. Injiniya shanu 6 ɗin nan zasu iya riƙe girkin gida mai mutum 11 kuwa? Don zan saida biyu daga cikinsu da babbar sallah.