Neman shawara: wace furosesa zan saya da jika 500 a Tawa?

Ɗan Ader

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina Tawa. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina tara kuɗi daga aikin shagon kawuna don in haɗa kwamfutar wasa tawa ta kaina, in huta da biyan kuɗin awa a gidan wasa. Yanzu jika 500 na sefa gare ni, babu ƙari. Abin da nake bugawa eFootball ne da GTA V, sai Warzone in hali ya yi. Allo ina da shi, inci 24, 1080p, 60Hz.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce ta tsaya mini a rai. Wani mai sayar da okaziyo a Yamai ya turo mini hoton akwati irin na ofis, furosesa i7-4770 da RAM (ma'ajiyar aikin nan take) giga 16, ya ce jika 120, kat garafik (mai zana hoton wasa) kawai zan ƙara, wai i7 ai i7 ce. Abokina kuma ya ce kada in kuskura, in daure in sayi Ryzen 7 7800X3D ko da sauran kayan za su jira. Kuɗin nan da gumi na same su, ina tsoron in zubar. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Mai Gyara Wadata

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da i7 ɗin nan, don kusan kullum sai an kawo mini irinta shago. Kada ka tsaya kan "i7", dubi lambar da ke bayanta. 4770 na nufin zubi na 4, wanda ya fito a 2013, kor 4 gare ta, wato ƙananan injinan aiki huɗu a cikinta. Ita kuwa i5-12400F zubi na 12 ce, ta 2022, kor 6, kuma ta wuce waccan nesa ba kusa ba duk da sunanta i5. Ƙari a kan haka, Windows 11 daga zubi na 8 take karɓa a hukumance, Windows 10 kuma an daina kula da ita tun Oktoban 2025.

Matsala ta biyu akwatin kansa. Na ofis an yi shi ne don rubutu da lissafi. Akwatin wutarsa, mai raba wa kayan ciki lantarki, ƙarami ne, galibi ba shi da wayar da babban kat garafik ke buƙata, wani ma siriri ne kat ɗin ba zai shiga ba. Iyakarka ƙaramin kat irin GTX 1650. eFootball da GTA V za su tashi, ban musa ba. Warzone za ta riƙa sarƙewa, kuma ranar da ka so ƙarawa sai ka watsar da komai ka faro daga tushe.

Ta abokinka kuwa gaskiya ya faɗa, 7800X3D gwana ce a wasa. Amma da ta fito a 2023 dalar Amurka 449 aka sa mata, ya haura jika 250 ke nan kafin kuɗin jirgi da na duwan. Ba ta zuwa da fanka, sai ka saya daban. Uwar allonta, wato faifan da ake dasa duk kayan a kai, sabon samfurin AM5 ce, RAM ɗinta ma sabon samfurin DDR5 dole. Kafin ka ankara jika 400 sun tafi, ba ka sayi kat garafik ba, alhali shi ke zana hoton wasan. Ka sayi ingarma ka ɗaura masa amalanke ke nan.

Da ni ne, Ryzen 5 5600 ko i5-12400F, wadda ka samu da sauƙi. Dukansu kor 6, wat 65, kuma sabuwa a kwali tana zuwa da fankarta. Kada furosesa ta ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka. Kat garafik ka ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku, irin RX 6600 mai giga 8.

Ƴar Informatik

Ina bayan Malam, sai dai akwai abin da kai da kanka ka faɗa ba ka lura ba: allonka 60Hz ne. Ma'ana hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa. Ko furosesarka ta fitar da 200, idonka 60 zai gani. Abin da ya sa masu X3D irin 7800X3D suke tsada shi ne yawan kash, wato ƴar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa, mega 96, ita 5600 mega 32 gare ta. Amfaninsa yana fitowa ne ga mai allon 144Hz zuwa sama da babban kat, wanda ke neman kowane hoto a gasa. A kan allonka, tsakanin 5600 da 7800X3D a eFootball ba za ka ga bambanci ba.

Warzone kuma ka sani tun yanzu, sabar wasan, babbar kwamfutar da ke haɗa ƴan wasa, ba a Nijar take ba. Jinkirin intanet ne zai fi damunka, kuma babu furosesar da ke maganinsa.

RAM ka sayi sanda biyu na giga 8, kada ka sayi ɗaya na 16. Biyun suna aiki tare, hanya biyu, kuma Ryzen na jin daɗin haka sosai.

Mai Gidan Wasa

Yaro na, ni nan Tawa nake, inji shida nake juyawa, don haka bari in gaya maka abin da ƴan YouTube ba za su gaya maka ba. Masu gwajin nan a ɗaki mai kilim suke yi. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Iskar da fanka ke jawowa ita kanta mai zafi ce. Furosesa in ta yi zafi da yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. To me ka saya ke nan? Ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba. Irin su i9-14900K suna iya jan wat 253, wanga murhu ne a cikin ɗaki. Mai wat 65 ita ce daidai da garinmu.

Sannan ƙura. Lokacin hunturu duk sati biyu nake buɗe akwatunan in hure su, in ba haka ba sai ka tarar da fanka ta yi bargo. Ka sayi akwati mai raga a gaba da tacen ƙura, kada ka ajiye shi ƙasa, ɗora shi bisa tebur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuran. Shekarar da na buɗe, ban sayi ondular ba, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta tana kare inji, don ina ganin ɓarnar kuɗi ce. Rana ɗaya wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, uwar allo biyu suka tafi lokaci guda. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗin da na yi ƙyashin fitarwa bai kai rabin asarar ba. Ka ware kuɗin ondular tun kafin ka taya furosesa. Kuma ka kula, lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce, mai 650VA wajen wat 360 zuwa 400 take ɗauka. In ka samu mai 1000VA hankalinka ya fi kwanciya. Akwatin wuta ma kada ka sayi marar suna don araha.

Abban Hanan

Ni dai ban yarda da 5600 ba, ku yi haƙuri. AM4, soket ɗin da take hawa a uwar allo, tsoho ne, tun 2016 yake, ya zo ƙarshensa. Me zai hana ya sayi Ryzen 5 7600 a kan AM5? Ita ma kor 6 ce, wat 65, tana da fanka. AMD, mai ƙera Ryzen, ta ce za ta ci gaba da AM5 har 2027 ko fiye. Bayan shekara uku ya cire ta ya dasa X3D, ba tare da ya canza uwar allo ba. Wanda ya tara kuɗi shekara ɗaya da rabi bai kamata a kai shi hanyar da ta toshe ba.

Mai Gyara Wadata

Alhaji, maganarka tana kan hanya, da jika 700 gare shi ni ma ita zan ce. Amma ƙarin kuɗin uwar allon AM5 da DDR5 daga ina zai fito? Daga kat garafik ko daga ondular, babu wani wuri. Ga RAM ta yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025. Zai sayi ƙarfin da zai mora bayan shekara uku, ya rage wanda zai mora gobe da safe. Kuma cikin masu cewa za su canza furosesa nan gaba, kaɗan na gani sun dawo sun canza, yawanci aure ko babur ke cinye kuɗin. AM4 ɗin ma ba ta toshe gaba ɗaya ba, akwai 5700X3D da 5800X3D da ke hawa kanta in ya same su okaziyo.

Abban Hanan

Na ji. Amma ya tambayi farashin duka biyun rana ɗaya kafin ya yanke. In ratar ba ta wuce jika 40 ba, ina nan kan bakana.

Ɗan Ader

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba mai gidan wasa, wallahi ondular ba ta cikin lissafina sam, yanzu na sa ta farko. Na bar zancen i7 ɗin. Na tambaya yau kamar yadda Alhaji ya ce, ratar ta fi haka nesa, don haka 5600 da RX 6600 zan bi. Sai dai mai shagon ya ce yana da 5600G, wai ta fi don tana da garafik a ciki. Kuma kayan ta mota za a aiko mini daga Yamai, ban taɓa yi ba.

Ƴar Informatik

5600G ta wanda ba zai sayi kat ba ce. Kash ɗinta mega 16, rabin na 5600. Tunda kat na cikin lissafinka, ɗauki marar G. Ka dai sani ita ba ta nuna hoto sai da kat, wayar allo a jikin kat za ka soka, ba a uwar allo ba.

Mai Gyara Wadata

Kada ka yi cinikin biri a sama, ƙanena. In kana da ɗan uwa a Yamai ya je ya tsaya a haɗa a gabansa, a kunna, a buɗe manhajar CPU-Z mai nuna kayan ciki, ya ɗauko maka hoton sunan furosesar. In uwar allon tsohon samfurin B450 ce, ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin uwar allon, in ba haka ba ba za ta gane 5600 ba, kuma a Tawa sai ka nemi aron tsohuwar Ryzen kafin ka gyara. Ƙafafun 5600 a jikinta suke, sirara kamar allura, suna lanƙwashewa da wuri, don haka a bar ta dashe a uwar allo. Kat garafik kuwa a cire shi a mayar kwalinsa, kada ya yi tafiyar Dosso da Konni yana lilo a cikin akwati. In kaya sun iso ka turo mini hoton ciki kafin ka soka wuta.